Babi Na Uku: Abin Kiɗan Da Mai Koyo Zai Fara Saye

Kakanninmu ba su san wannan mas'ala da za mu tattauna a cikin wannan babi ba, domin a zamaninsu kiɗa gado ne, kuma yaron da aka haifa a gidan makaɗa, tun bai iya ɗaura wando ba, zai tashi ya tarar da ganga rataye a zaure, ya tarar da wanda zai nuna masa yadda ake riƙon gula, ya kuma tarar da jama'ar da za a yi wa kiɗan suna jira. Kowace sana'a da nata abin kiɗa: kalangu na mahauta ne, garaya ta mafarauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta ma'abuta garma, kotso da taushi da jauje na fada, kakaki da tambari kuwa ba su da ubangiji sai sarki, har ma littafin tarihin Kano ya ambaci kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya fara kawowa. To, da zamani ya juya, ga shi yau ɗan makaranta, da ma'aikacin ofis, da tela, da budurwar da ta gama sakandare, kowannensu yana iya wayar gari ya ji sha'awar kiɗa ta kama zuciyarsa, alhali babu makaɗi a zuriyarsu, babu kuma wanda zai yi masa jagora, sai 'yan kuɗin da ya tara da gumin goshinsa da kuma kasuwa wadda ba ta jin tausayin baƙo. Saboda irin waɗannan na rubuta wannan babi.

Ban jahilci cewa malamanmu sun yi saɓani mai tsawo a kan hukuncin kayan kiɗa ba. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda kowane almajiri a ƙasar nan ya san littafinsa, ya tsananta. Ibnu Hazmi na Andalus ya tafi a kan halasci. Imamu Gazali kuma ya keɓe wa sauraro babi guda a cikin Ihya'u, ya yi tafsili, ya halatta wani ya hana wani. Ga kuma 'yan Ƙadiriyya a Kano suna buga bandiri a wajen zikiri shekara da shekaru. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, wajibi ne ya je ga malaminsa tun kafin ya je kasuwa, don kada ya kashe dukiyarsa a kan abin da zai riƙa ɓoyewa ƙarƙashin gado yana jin nauyinsa a ransa. Maganata da wanda ya riga ya warware wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ce.

Nasihata ta farko, wadda dukan sauran suke rataye a kanta, ita ce mai koyo ya samu wanda zai koya masa tukuna, sa'an nan ya sayi abin kiɗa. Galibin mutane suna juya wannan tsari, su fara saye, kana su shiga neman malami, sai a wayi gari wanda ya sayi molo ya tarar babu mai kaɗa molo a garinsu ko a garin da ke maƙwabtaka da su, alhali kuwa ga wani dattijo mai gurmi a bayan gidansu, wanda da an je masa da ladabi da ɗan goro da ya karɓi yaro hannu biyu. Kiɗanmu na gargajiya ba a rubuce yake ba, ba a kuwa koyonsa daga takarda. Daga hannu yake zuwa hannu, daga kunne zuwa kunne, kuma kalangun da ke faɗar take da kirari yana iya yin haka ne domin yana bin hawa da saukar muryar Hausa, abin da ba ya samuwa sai mutum ya zauna kusa da gwani yana ji yana maimaitawa, ana gyara masa. A ƙungiyar makaɗa ma, yaro ba ya fara da babban kalangu. Kuntuku ko kazagi ake miƙa masa, ya yi ta riƙe bugu guda ba ƙari ba ragi har hannunsa ya zauna, maigida yana sauraronsa ta gefen kunne, in ya ga ya nuna sai a matsar da shi gaba. Wanda ya fara ta wannan hanya yakan yi watanni yana taɓa kayan maigidansa kafin ya sayi nasa, kuma ranar da zai saya ya riga ya san abin da yake nema, ya kuma sami wanda zai raka shi.

Bayan malami sai kunne. Ya kamata mutum ya tambayi kansa da gaskiya wane sauti ne yake tsayar da shi in ya ji shi daga rediyon wani, domin koyon kiɗa aiki ne mai gajiyarwa a farkonsa, kuma babu abin da ke riƙe mai koyo a kan tabarma idan yatsu sun yi zafi sai ƙaunar sautin da yake bege. Wani kalangun da ke bayan muryar Alhaji Mamman Shata ne ya hana shi barci. Wani gurmin Haruna Uji. Wani kukumar Ahmadu Doka. Wata kuma ƙwaryar Barmani Choge ce take ji har cikin ƙashinta. Akwai kuma samarin da jitar mutanen Agadas ta tafi da hankalinsu. Duk wanda ya sayi abin da abokinsa ya yaba, ko abin da ya ga yana da kwarjini a hoto, ya bar wanda zuciyarsa ke so, to, da wuya ya kai damina biyu yana taɓa shi.

Amma fa sha'awa tana bukatar hankali ya yi mata linzami. Kakaki da tambari ba kayan kasuwa ba ne, kuma ladabi bai yarda wanda ba bafade ba ya ajiye su a ɗakinsa. Algaita tana son numfashin da ba ya yankewa, watau mai busa ya cika kumatunsa da iska yana turawa, a lokaci guda yana shaƙar wata ta hanci, wannan kuwa ilmi ne mai zaman kansa da ba a fara shi ba tare da gwani ba. Goge da kukuma ba su da wata alama a jikinsu da za ta nuna wa yatsa inda zai sauka, kunne ne kaɗai alƙali, kuma kukansu a hannun sabon shiga yana da tsanani ga mutanen gida. Ganga da kalangu kuwa, mai zama a gidan haya ya tuna da haƙƙin maƙwabtaka, wanda addini ya girmama ƙwarai, ya san inda zai riƙa zuwa yin gwaji tun kafin ya kawo su gida. A ganina, wanda ke son abin tsirkiya kuma ba shi da wani dalili na musamman, gurmi ko kuntigi sun fi dacewa da shi, saboda sauƙin kuɗinsu, da laushin muryarsu, da kuma cewa duk abin da ya lalace a jikinsu ana iya gyara shi a ƙauye. Mai son busa kuma ya fara da sarewa, wadda makiyayi ke yankowa daga kara ko gora ya huda da kansa.

Yanzu sai mu shiga kasuwa, inda aka fi cutar mai koyo. Abin da ya wajaba ya sani shi ne kayan kiɗa iri biyu ne a rumfuna: akwai wanda aka yi domin a kaɗa, akwai wanda aka yi domin baƙo ya saya ya rataye a bango. A Kasuwar Kurmi ta Kano, da bakin manyan masaukan baƙi, za ka ga kalangai an yi musu ado da jar fata da tuntaye da zane, suna ɗaukar ido, kuma masu sayar da su ba su yi laifi ba, gama sun san wanda suke yi wa. Amma da yawansu itacen ɗanye ne, fatar mai kauri ce, igiyoyin kuma an ja su ne don kyan gani. Kalangun makaɗi sau da yawa ba shi da wannan ƙawa, har ma yakan yi baƙi saboda gumi da hannu.

Ga yadda gwani ke duba kalangu, kuma na so kowane mai koyo ya tsaya kusa ya ga wannan da idonsa. Da fari zai ɗaga shi ya ji nauyinsa, domin itacen da ya bushe sarai, irin su alilliba da masassaƙa suka fi so, ba ya da nauyin ɗanye. Zai raba igiyoyin da yatsunsa ya leƙa jikin itacen, musamman wajen ƙugu inda ya tsuke, yana neman tsaga ko 'yan ƙananan huji. In ya ƙwanƙwasa ya ga wani gari mai laushi yana zubowa, ya san ƙwaro ya riga shi, sai ya ajiye ba tare da wata magana ba. Sa'an nan ya ɗaga fatar wajen haske, ya ga ko kaurinta ɗaya ne ko'ina, ko akwai inda wuƙar majemi ta ci ta yi shara-shara, ya bi ɗinkin baki da farce. Bayan duk wannan ne zai rataya shi, ya sa a hammata, ya buga sau ɗaya a sake, ya matse ya sake bugawa, kana ya saki a hankali yana sauraron yadda muryar ke gangarowa. Kalangun kirki yana amsa matsi kaɗan, ya hau ya sauka ba tare da an yi kokawa da shi ba, kuma in an saki ya koma inda ya taso. Wanda sai an haɗa da ƙarfin kafaɗa kafin ya motsa, ko wanda in an matse ya ƙi komawa, ba zai taɓa faɗar take ba ko a hannun wa ya shiga. Daga nan za ka ji gwanin ya juya ga mai kaya ya ce, “Baba, wannan fatar yaushe aka ɗaura ta?” shi kuwa, da ya gane da wanda yake magana, sai ya miƙa hannu can ƙarƙashin rumfa ya ce, “To, ɗana, bari in fito muku da na masu yi.”

Kayan tsirkiya na ƙwarya, watau gurmi da goge da kukuma, aibinsu yakan ɓuya a wurare uku. Ƙwaryar ta zama mai kauri wadda ta ƙosa, ba mai tsaga ba, ko da an shafe tsagar da danƙo. Fatar, wadda galibi ta guza ce, ta kwanta ta ɗame, kada ta lotsa ƙarƙashin jaki, wato ɗan itacen da ke ɗauke da tsirkiya. Sandar kuma ta zama miƙaƙƙiya, ba ta girgiɗi a inda ta shiga ƙwaryar. A ɗaure tsirkiya a kaɗa na ɗan lokaci, a ajiye, a yi hira, a sake ɗauka: in muryar ta zame a wannan ɗan tsakani, to haka za ta riƙa zamewa kullum, kuma mai koyon da kunnensa bai riga ya nuna ba zai zaci laifin hannunsa ne. Mai sayen goge ya dubi izgar dokin da aka yi tsirkiyar da ita da ta bakan, ya ga ba ta cika karyayyun gashi ba, ya kuma nemi ɗan ƙaron da ake goga mata, don in babu shi bakan zai yi ta santsi ba ya kama komai. A tuna kuma da cewa fata da itace suna bin yanayi: da damina fata takan saki har sai an shanya ta a rana ko an kanga ta ga wuta daga nesa, da hunturu kuma takan ɗame har ta fashe, itace ya tsage. Saboda haka abin da aka ji muryarsa ta yi daɗi a watan Agusta, a tambayi mai shi yadda za a sassauta masa in iskar Disamba ta taso.

Jita kuwa, da yake daga ƙetare ake kawo ta, kuma wadda ake samu da araha a Sabon Gari da makamantansa ta sha zafin jirgi da na shago, babban abin dubawa a gare ta shi ne wuyanta. A ɗaga ta a sa ido daga kai zuwa gindi kamar mai duban miƙewar sanda. In ya lanƙwashe ko ya murɗe, a bar ta. A dubi tazarar da ke tsakanin tsirkiyoyin nan shida da ƙarafan da aka gindaya a wuyan: a jita mai tsirkiyar ƙarfe, a wajen ƙarfe na 12 bai kamata ta wuce milimita 3 ba, domin in ta yi nisa yatsun mai koyo za su sha azaba ba gaira ba dalili, in kuma ta yi kusa ƙwarai tsirkiya za ta riƙa zuza. A wannan ƙarfe na 12 ɗin dai, in an danna aka kaɗa, lalle ne sautin ya zama shi ne na tsirkiyar a sake, illa iyaka ya fi shi tsayi. In ya karkace, jitar ba za ta taɓa daidaita ba. A murɗa kunnuwanta ɗaya bayan ɗaya a ji ba sa zamewa, a kuma duba katakon da ya riƙe tsirkiyoyi a cikinta kada ya zama ya fara ɗagowa. Mai tsirkiyar roba ta fi sauƙi ga yatsa, mai ta ƙarfe ta fi amo, amma kada a kuskura a ɗaura ta ƙarfe a jitar da aka ƙera domin ta roba, gama ƙarfin jan zai ɓata ta. Mai lantarki, irin wadda Bombino na Agadas da 'yan'uwansa ke kaɗawa, ba ta da murya sai da na'urar ƙara sauti da wuta, wannan kuwa kuɗi ne na biyu da ya kamata a lissafa tun farko.

Piyano na lantarki, wanda tun daga shekarun 1990 ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa, shi ne yau ya fi jan samari, kuma ba na musun amfaninsa: muryarsa ba ta zamewa, ana iya rage ƙararsa har maƙwabci bai ji ba, kuma da yake yawancin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke tafiya, mai koyo yakan yi mamakin yadda baƙaƙen maɓallan kaɗai ke fitar masa da karin da ya saba ji. Cikakken piyano maɓallai 88 gare shi, amma mai 61, irin na Yamaha ko Casio, ya wadatar da mai farawa shekaru. A danna kowane maɓalli, fari da baƙi, kada a tsallake ko ɗaya. A gwada ko yana bambanta dannawa a hankali da dannawa da ƙarfi. A tabbata yana aiki da batir, kuma abin sa masa wuta nasa ne na asali, domin wutar da ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke ta ta ƙone da yawa. A kuma yi hattara da jabu, wanda aka canja wa harafi ɗaya a cikin suna. Abin da nake jin tsoro ga mai koyo a nan shi ne kiɗan da na'urar ke yi da kanta in an taɓa maɓalli guda, domin yana sa yaro ya ji kamar ya iya alhali hannunsa bai koyi kome ba, kuma ina roƙon duk wanda ya sayi piyano ya kashe wannan a watanninsa na farko.

Game da kuɗi, mutane sukan faɗa ɗayan ramuka biyu. Wani ya ce tun da koyo ne kowane tarkace ya isa, ya sayi abin da ko gwani ba zai iya fitar da sauti daga gare shi ba, ya yi ta fama, daga bisani ya yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da baiwa, alhali kayan ne ba su da lafiya. Wani kuma ya ci bashi ya sayi na ƙwararru, ya zama yana tsoron taɓa shi. Akwai bambanci mai girma tsakanin abu mai sauƙi da abu mai aibi. Kuntigin da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zaga duniya da shi, gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya ɗaya. Mdou Moctar na Nijar kuma, wanda yau ake sauraronsa a Turai da Amurka, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Waɗannan kaya ne na talaka, amma suna amsa hannu, kuma wannan shi ne sharaɗin da ba a sassautawa. Na hannu mai lafiya, wanda wani makaɗi ya yi amfani da shi ya san halinsa, sau da yawa ya fi sabo mai araha. Kada kuma a ƙarar da abin da ke aljihu gaba ɗaya a kan saye, a bar wani abu domin tsirkiya ta canji, da jaka ko tsumman rufewa saboda ƙura, da ɗan abin da za a riƙa kai wa malami.

Shari'a ta hana cinikin garari, watau sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, ta kuma ba mai saye damar mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Amma hikima ita ce a faɗi wannan a fili gaban shaida kafin a ce an sallama, a yi sharaɗin kwana biyu ko uku na gwaji, maimakon a dawo ana jayayya. Sayen abin kiɗa daga hoton da aka turo ta waya, ba a ji muryarsa ba, ba a riƙe shi ba, yana kusa ƙwarai da abin da malamai suka hana. In gwani ya raka ka, ka ba shi la'adarsa da daɗin rai, ko da ya ce a bari, domin abin da ya tsare maka ya fi abin da ka ba shi. A taya da mutunci, in an ce albarka a ƙara, kada a wulaƙanta aikin hannun mutum don neman ragi.

Mafi alheri daga duk wannan, ga mai son kayanmu na gida, shi ne ya tsallake rumfa ya tafi wurin mai yin su, ya ba da kafin alƙalami, a sassaƙa masa daidai tsawon hannunsa, ya yi haƙurin makonnin da itace da fata ke bukata. Masu wannan sana'a suna ta raguwa, da yawansu sun tsufa, 'ya'yansu kuma sun kama wasu hanyoyin neman abinci, har a Yamai sai da aka tara irin waɗannan kaya a cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya don kada a wayi gari babu su. Ina roƙonka, ya kai mai karatu, in ka sami irin wannan dattijo, kada ka karɓi kayanka ka juya. Ka zauna ka ga yadda yake jiƙa fata, da yadda yake ɗinke baki, da yadda yake jan igiya, ka tambaye shi sunan itacen da inda ake samunsa, domin fatar nan za ta fashe wata rana, kuma mai yiwuwa ne a ranar kai ne za ka ɗaura wata da hannunka.